SAVRY, fom ɗin auna haɗarin yara masu laifi: ra'ayina bayan na yi aiki da shi

Abokan aiki suna yawan tambayata wai SAVRY ɗin nan ya cancanci ofis ya saya har ya tura mutane tirenin a kansa, to amsata eh ne, ya cancanta, in ana ba da tauraro zan ba shi huɗu cikin biyar, amma fa da sharaɗi kuma sharaɗin ya fi fom ɗin kansa nauyi, zan zo kansa.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, SAVRY littafin jagora ne da fom da ake cikewa, aikinsa ya taimaka wa ma'aikacin walwala ko jami'in da ke sa ido kan yaro ko masanin halayyar ɗan'adam ya auna yiwuwar matashi ɗan shekara 12 zuwa 18 ya kai wa wani hari, ko ya sake kaiwa in ya taɓa yi. Mutum uku suka tsara shi, Randy Borum da Patrick Bartel da Adelle Forth, ya fara yawo a hannun ma'aikata a farkon shekarun 2000 sannan kamfanin PAR na Amurka ya buga shi a 2006. Salon HCR-20 suka bi, wato wanda ake amfani da shi wa manya. Littafin sau ɗaya za ka saya, fom kuwa a ƙunshi yake zuwa, in ya ƙare sai a sake oda, kuma da Turanci aka rubuta shi duk da an fassara shi zuwa wasu harsunan Turai, a Kataloniya ta ƙasar Sifen ma hukumar shari'ar yara ta daɗe tana aiki da shi.

Abubuwa 24 ne na haɗari a ciki. Guda 10 tarihi ne, irin su ya taɓa dukan wani, ya taɓa wani laifin da ba na duka ba, da wuri ya fara, an taɓa sa shi ƙarƙashin kulawa ya karya sharaɗi, ya taɓa yunƙurin cutar da kansa, ya tashi yana ganin ana duke-duke a gida, an zalunce shi yana ƙarami, iyaye ko mai riƙonsa na da tarihin laifi, an raba shi da mai renonsa tun yana ƙanƙani, sai rashin ƙoƙari a makaranta. Guda 6 na muhalli ne, abokan banza, tsangwamar sa'o'insa, damuwa da rashin iya jure ta, sakacin tarbiyya, rashin wanda zai jingina da shi, da lalacewar unguwa. Sauran 8 na shi yaron ne kansa, mugun tunani game da laifi, aikata abu ba tare da tunani ba, shaye-shaye, rashin riƙe fushi, ƙarancin tausayi da nadama, matsalar rashin nutsuwa da rawar kai, ƙin bin tsarin da aka ɗora shi a kai, da rashin damuwa da karatu. Kowanne za ka ce ƙasa ne ko tsakiya ko sama. Daga nan sai abubuwa 6 na kariya, su kuma akwai ko babu kawai.

Abu na farko da ya burge ni shi ne littafin bai bar ka kana kame-kame kan me ake nufi da kai hari ba. Ya fayyace, duka ne mai ƙarfin da zai iya ji wa mutum ciwo ko da ciwon bai samu ba, ko cin zarafi ta hanyar lalata, ko barazana da makami a hannu. Wannan ƙaramin abu ne a ido amma wallahi yana kashe gardama da yawa, domin kafin nan kowa da ma'auninsa, wani in yaro ya ture ɗan ajinsu a layi sai ya rubuta mai faɗa ne, wani kuma yaro ya fasa wa mutum kai ya ce ai ƙuruciya ce. Haka ma matakan, in sau ɗaya ko biyu ya taɓa yi tsakiya ne, uku zuwa sama shi ne sama. In ya fara kafin ya kai shekara 11 sama ne, tsakanin 11 da 13 tsakiya. Ba ruwan fom da ko fuskar yaron ta yi maka ko ba ta yi maka ba.

Amma babban abin da ya sa na fi son shi a kan sauran shi ne ba a tara maki. Ka gama cike abubuwa 30 ɗin nan babu wani wuri da za ka haɗa lissafi ya ce maka 19 saboda haka yaro kaza ne. Kai ne za ka zauna ka dubi duka, ka yi alama a kan waɗanda kake ganin su ne jijiyar matsalar wannan yaron, in akwai wani abu da fom bai ambata ba ka ƙara da hannunka, sannan ka yanke hukuncin ƙarshe, ƙasa ko tsakiya ko sama, kuma ka shirya kare shi in an tambaye ka. Wasu abokan aiki abin nan ne yake ba su haushi, su sun fi son lamba domin lamba ba ta da uba, in abu ya lalace sai a ce ai fom ne ya faɗa. Na fahimce su sarai, babu mai son a kira sunansa ranar da yaron da ya ce ƙasa ne ya soki wani. Sai dai ni a ganina ainihin amfanin abin kenan, yana hana ka ɓuya.

Kwatanta shi da wani fom ɗin auna haɗari, YLS/CMI na Robert Hoge da Don Andrews daga Kanada, wanda shi ma na yi aiki da shi. Shi abubuwa 42 ne a fannoni 8, kowanne eh ko a'a, ka tara, a bugun farko daga 0 zuwa 8 ƙasa ne, 9 zuwa 22 tsakiya, 23 zuwa 34 sama, 35 zuwa 42 sama sosai. Ya fi sauri, sabon ma'aikaci ya fi saurin kama shi, kuma yana da sashen tsara abin da za a yi wa yaron wanda gaskiya ya fi na SAVRY tsari. Shi kuma laifi gabaɗaya yake dubawa, sata da sauransu, ba duka kaɗai ba. Akwai damar ka saɓa wa makin in kana da dalili, amma na lura da zarar lamba ta fito a takarda mutane ba sa iya cire ta daga kansu, yaro mai 22 da mai 23 bambancin akwati ɗaya ne tal amma sai ka ga an ɗauke su kamar ba duniya ɗaya suke ba.

Ka ɗauki yara biyu don ka ga abin da nake nufi. Na farko fayil ɗinsa cike yake da ja, gida ya watse, ya bar makaranta, yana shan ƙwaya, ya yi sata sau da yawa, amma bai taɓa ɗaga hannu ya doki kowa ba, in rigima ta tashi shi ne farkon guduwa. Na biyu tsaf-tsaf, yana zuwa makaranta, iyaye na nan, kusan komai ƙasa, amma akwai mutum ɗaya da ya ƙullata, ya faɗa wa abokai sai ya ga bayansa, kuma an taɓa kama shi da wuƙa a jaka. In tara maki za ka yi na farko ne abin tsoro. In hankali za ka yi aiki da shi, na biyun ne zai hana ka barci a wannan makon, na farkon kuma buƙatarsa daban ce baki ɗaya. SAVRY yana ba ka hurumin ka faɗi haka a rubuce ba tare da ka yi kamar kana yi wa fom tawaye ba.

Sashen kariya ma na ji daɗinsa, ko ba komai yana tilasta maka ka tambayi abin kirki game da yaron, abin da a gaskiya in aiki ya yi yawa mantawa ake yi. Yana shiga wani abu mai amfani kamar wasanni ko koyon sana'a, akwai masu tsaya masa, akwai wani babba nagari da ya shaƙu da shi, yana karɓar taimako da hukuma da zuciya ɗaya, yana son karatu, yana da juriya. Sau da yawa a wannan sashen ne hira take buɗewa, yaron da ya yi gum tun da aka fara sai ka tambaye shi wa yake kira in abu ya dame shi, nan ne zai ɗago kai. Amma fa 6 ne kawai a gaban 24, kuma akwai ko babu, babu tsakiya, alhali rayuwa ba haka take ba, yaron da yake da kawu ɗaya mai kirki da yake gani jefi-jefi ina za ka sa shi? Masu SAPROF-YV na ƙasar Holan sun ga wannan giɓin shi ya sa suka yi fom na kariya zalla da ake haɗawa da irin su SAVRY, wato ƙarin saye da ƙarin takarda.

To yanzu ga inda tauraro ɗaya ya faɗi. Abubuwa 10 cikin 24 tarihi ne, tarihi kuwa ba ya gyaruwa, ko yaron ya shiryu ya zama abin koyi suna nan daram a fom. Kuma ka duba su da kyau, da yawansu ba abin da yaron ya yi ba ne, abin da aka yi masa ne. An doke shi, an yi watsi da shi, uba ya yi zaman gidan yari, ya ga ana dukan mahaifiyarsa. Ban ce ƙarya ba ne, bincike ya nuna waɗannan abubuwan suna da alaƙa da kai hari daga baya, dalilin sa su kenan. Amma akwai wani abu mai ɗaci ka zauna ka rubuta zaluncin da aka yi wa yaro a ƙarƙashin kalmar haɗari sannan takardar ta tafi gaban alƙali. In ba ka iya rubuta rahoto ba, abin da ya kamata ya jawo masa tausayi da magani shi ne zai jawo masa ƙarin wata shida a gidan kangararru. Ni dai ƙa'idata duk abin tarihi da na ce sama ne sai na rubuta a gefensa me yake nufi ga taimakon da yaron ke buƙata, in ba haka ba gara ma ban cike ba.

Haka batun unguwa da talauci da wanda 'yan sanda suka fi tarewa. Yaron da ya tashi inda sintiri ya yi yawa fayil ɗinsa zai fi kauri, ba lalle don ya fi ɗan masu hali laifi ba, don dai shi an fi ganinsa. SAVRY ya ɗan rage wannan tunda abin da ya faru yake tambaya ba sai wanda kotu ta tabbatar ba, amma bai kawar da shi ba, domin kai ma daga fayil ɗin kake ɗebo rabin bayananka. Sannan yawancin binciken da aka yi a kansa a Arewacin Amurka da Turai aka yi, kuma maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, saboda haka in yarinya ce a gabanka ko yaro daga al'ummar da tsarin iyalinta ya sha bamban da na can, sai ka ƙara taka-tsantsan, musamman a abubuwa irin su rabuwa da mai reno da sakacin tarbiyya, inda abin da wani zai gani a matsayin watsi wani kuma riƙo ne na dangi da aka saba.

Akwatin tausayi da nadama shi na fi jin tsoro a duk fom ɗin. Yaro ɗan 14 a ofis, gaban baƙo, ya san duk abin da ya faɗa zai iya kaiwa kotu, wataƙila lauya ma ya ce masa ya kama bakinsa, ya sunkuyar da kai ko ya yi wata dariyar tsoro, sai a rubuta ba shi da nadama. Wani kuma ya ƙware, ya zo da hawaye da kalaman da ya san ana so, ya samu ƙasa. Kar ka cike wannan akwatin daga zama ɗaya, don Allah.

Batun ko yana faɗin gaskiya kuwa, ma'ana in ya ce sama yaron yakan sake ɗin, amsar ita ce ya fi zato nesa amma ba duba ba ne. Masu bincike suna da wani ma'auni da 0.5 ke nufin canki-canka, 1 kuma ke nufin ba kuskure ko ɗaya, SAVRY yawanci yana faɗowa wajen 0.7. Ma'anarsa in ka ɗauko yaro ɗaya da ya sake kai hari da ɗaya da bai sake ba, kusan sau 70 cikin 100 fom ɗin zai nuna na farkon ya fi haɗari, sauran 30 kuwa ya juya su. A 2011 Jay Singh da Martin Grann da Seena Fazel sun tattara bincike kan irin waɗannan ma'aunai guda 9, na manya da na yara, SAVRY ne ya fi sauran dacewa. Amma a 2012 Fazel da abokan aikinsa sun sake nuna wani abu da ya kamata kowane alƙali ya sani, ma'aunan nan sun fi iya gane wanda ba zai yi ba a kan wanda zai yi, cikin waɗanda aka ce masu haɗari ne da yawa ba sa sake komai. Ga yara kuma abin ya fi tsanani, tun 1993 Terrie Moffitt ta yi bayanin cewa mafi yawan masu laifi a ƙuruciya da kansu suke bari in sun girma, 'yan kaɗan ne ke zarcewa.

Shi ya sa ni a wajena inda SAVRY ya fi biyan kuɗinsa ba wajen kamo yaro mai haɗari ba ne, wajen sakin wanda ba shi da haɗari ne. Ƙa'idar da Andrews da James Bonta da Hoge suka shimfiɗa a 1990 ta ce nauyin kulawa ya bi nauyin haɗari, mai ƙasa a rage masa hannu. Mu kuwa ma'aikata zuciya takan ja mu ga akasin haka, yaron da ke da ladabi yana zuwa a kan lokaci shi muke lafta wa shirye-shirye domin yana da daɗin aiki, mu haɗa shi aji ɗaya da waɗanda suka yi nisa, zama da maɗaukin kanwa kuwa an san abin da yake kawowa. Thomas Dishion da Joan McCord da François Poulin sun rubuta kan wannan a 1999, yadda tara yara masu matsala wuri guda kan ƙara lalata su, kuma binciken da Lesley McAra da Susan McVie suka yi a birnin Edinbura na Sikotilan ya nuna yadda yaro ya ƙara nutsewa cikin tsarin shari'a haka barin laifi ke ƙara yi masa wuya. Lokacin da Gina Vincent da tawagarta suka bibiyi wani ofishin sa ido kan yara a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan an fara aiki da SAVRY, sun ga raba yara da gidajensu ya ragu sosai. Fom a hannu yana ba ka ƙarfin gwiwar ka tsaya gaban alƙali ka ce wannan a bar shi ya koma gida, ga dalilai a jere.

Sharaɗin da na ce zan zo kansa shi ne, in ofishinku ba shi da abin da zai yi da sakamakon to kar ku ɓata kuɗi. Ka gano matsalar yaro fushi ne da ƙwaya da rashin makaranta, madalla, sai kuma me? In babu inda za ka tura shi a koya masa riƙe fushi, babu mai duba shaye-shayen, babu makarantar da za ta karɓe shi, abin da ya rage daga duk wahalar nan kalma ɗaya ce, sama, manne a goshin fayil ɗinsa tana bin sa ofis-ofis. Jodi Viljoen da abokan aikinta sun tattara bincike a 2018 kan ko amfani da ma'aunan nan yana rage sake laifi, suka ga hujjar ba ta da ƙarfi, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ana cike fom amma tsarin da ake ɗora yaron a kai ba ya bin abin da fom ya nuna. Na ga wannan da idona a wani wurin da na yi aiki, a cike fom tsaf don mai duba aiki ya gani, sannan kowane yaro a ba shi shiri iri ɗaya da aka saba bayarwa tun fil azal.

Ingila da Wales ma darasi ne. Sun fito da nasu mai suna Asset a 2000, fannoni 12 kowanne maki 0 zuwa 4, a 2009 suka ɗaure yawan ganawa da yaro da makin da ya samu, ƙorafi ya yi yawa cewa aiki ya koma cike akwati, daga baya suka maye gurbinsa da AssetPlus wanda ya ƙara ba nazarin ma'aikaci da abubuwan kirki na yaron muhimmanci.

Lokaci kuma, kar wani ya ruɗe ku da cewa minti kaɗan ne. Yin alama a fom ɗin ba ya cin lokaci, tattaro abin da za ka dogara da shi ne aikin, hira da yaron, hira da iyaye ko mai riƙo, bayanan makaranta, na 'yan sanda, na asibiti in akwai, kuma kusan kullum sai sun saɓa wa juna, uwa ta ce bai taɓa faɗa ba makaranta ta ce an kore shi sau biyu saboda faɗa. Wanda ya cike SAVRY daga fayil kaɗai ko daga bakin yaro kaɗai sunan fom ɗin kawai ya ara. Tirenin ɗin ma kar a tsaya a na kwana ɗaya ko biyu da ake yi a watse, abin da ya fi amfanar mu shi ne mutum biyu su cike wa yaro ɗaya kowa shi kaɗai sannan a zauna a ga inda aka saɓa, za ka sha mamakin yadda kai da wanda kuke tebur ɗaya kuke fahimtar sakacin tarbiyya daban.

Kar a yi amfani da shi wa yaro ƙasa da 12, akwai fom mai suna EARL da aka yi a Toronto ta Kanada don wannan. In laifin na lalata ne shi kaɗai bai isa ba, akwai fom da aka yi musamman don wannan, irin su ERASOR da J-SOAP-II. Kuma duk wanda aka cike a rubuta masa ranar da zai daina aiki, ni wata shida nake sawa, ko ƙasa da haka in wani babban abu ya canza kamar komawa makaranta ko rasuwar mai riƙo ko fitowa daga tsare, domin ɗan shekara 15 na watan Janairu ba shi ne na watan Yuli ba, kuma na sha ganin ana yanke wa yaro ɗan 17 shawara da fom ɗin da aka cike masa yana 14.